Asalin Gidan Ɗan Hausa

In mutum ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa, ya bi titi ya shiga unguwar Nassarawa, zai yi ta wuce manyan gidajen siminti da ofisoshin gwamnati da dogayen katangu masu ƙofofin ƙarfe. Can a kan titin Sakkwato, ba nisa da Gidan Gwamnati, sai ya ci karo da wani gida da bai yi kama da maƙwabtansa ba ko kaɗan. Ginin ƙasa ne, jikinsa launin ƙasar da aka kwaɓa aka yi shi da ita, ga zankwaye sun miƙe a kan soraye, ga zane irin na maginan da a goshinsa. Wannan shi ne Gidan Ɗan Hausa. Kusan duk Bakano ya san sunan. Amma in ka tambayi mutum goma wane ne Ɗan Hausan, da yadda aka yi ginin ƙasa ya sami kansa a tsakiyar siminti, da wuya ka sami biyu da za su kai maka labarin ƙarshe.

To, ga yadda abin ya faro.

A zamanin da, kusan duk abin da ke bayan ganuwa karkara ce. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta mazauna birnin za su kai 30,000, ya kuma ga cewa ko a cikin ganuwar ma akwai filaye masu faɗi da ake nomawa, ba a gina kome a kansu ba. In cikin birni haka yake, ina ga waje? Nassarawa a lokacin gandun sarki ce, ɗaya daga cikin gandayen da sarakunan Kano ke da su a kewayen birni, irin su Fanisau da Ɗorayi. Gandu kuwa ƙauye ne sukutum. Bayi ne ke nomansa, akwai rumbunan gero da dawa, akwai kuma gidan da sarki ke sauka in ya fito shan iska. Itatuwan wurin su ne ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo. Da magariba ta yi, aka rufe ƙofofin gari, wanda ke Nassarawa ya san a daji zai kwana.

Labarin da aka gada, wanda masu kula da gidan ke ba baƙi, shi ne tun kafin zuwan Turawa akwai ɗan gida a wannan wuri, na mutumin da ke lura da gonakin sarki. Ke nan tushen gidan gidan gona ne, inda ake ƙirga dami, ana raba wa manoma aiki da safe.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Kafin watan ya fita Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, sannan Gwamna Lugga ya naɗa Abbas sarauta. Turawa ba su yarda su zauna cikin birni ba. Suna tsoron cuta, suna kuma tsoron mutane. Sai suka zaɓi bayan ganuwa ta gabas, soja suka yi bariki a Bompai, Nassarawa kuma ta fara zama wurin hukuma. Daga ranar gandun sarki ya kama hanyar zama wani abu dabam.

Shi kuwa wanda gidan ya ci sunansa, a lokacin ba ya Kano. Sunansa na yanka Hanns Vischer, kuma ba ma mutumin Ingila ba ne tun asali. An haife shi a 1876 a Basel, cikin ƙasar Suwizalan, ya yi karatu a Kambirij. Da farko aikin mishan ya kawo shi, ya zauna da 'yan mishan a Loko, bakin kogin Binuwai, a 1901. Bai daɗe ba ya ajiye wannan aiki, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila a 1903, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya biyo jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya sauka Tarabulus ya haɗa ayari. Cikin ayarin har da alhazai masu komowa daga Makka, da 'yantattun bayi masu son su ga gida kafin su mutu. Suka keto Sahara ta Murzuk da Bilma, tsohuwar hanyar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana kora bayi ta kanta zuwa arewa, suka yi watanni kafin su iso Barno. Ya rubuta littafi a kan wannan tafiya, aka buga a 1910. Mutumin da ya yi watanni yana shan ruwan salka ɗaya da fatake, yana jin hirarsu dare da rana, dole harshensu ya zauna masa a baki. Ya ji Larabci, ya ji Barbarci, Hausa kuwa ya iya ta har mutane suka daina wahalar da kansu da sunansa, suka ce Ɗan Hausa. Mutanenmu sun saba laƙaba wa Turawa suna gwargwadon halinsu ko aikinsu, kamar yadda suka kira Razdan Cargill Mai Gunduma. Wasu sunayen zambo ne. Wannan kam yabo ne.

A 1908 Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya ɗora masa aikin tsara ilmin zamani a Arewa. Aka tura shi ya je ya ga yadda ake yi a Masar da Sudan da wasu ƙasashen bakin teku. Da ya komo aka ba shi wuri a Nassarawa, a nan ya zauna, a nan kuma ya buɗe makaranta a 1909.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu dubi ginin kansa, don shi ne abin da ya saura a tsaye, kuma shi ne aka fi yi wa gaggawa in ana ba da labarin.

A 1909 jirgin ƙasa bai iso Kano ba. Babu siminti, babu kwanon rufi, sai abin da aka ɗauko a ka ko a bayan jaki tun daga bakin kogi. Saboda haka Bature ko yana so ko ba ya so, sai ya nemi magini Bahaushe. Bambancin Ɗan Hausa da wasu shi ne, shi ya so abin, ya bar maginan Kano suka faɗaɗa gidan bisa yadda suka gada, da adonsa da kome. Yadda suke yi kuwa ga shi. A haƙo jar ƙasa daga kududdufi, a zuba ruwa, a tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo. Sai a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana ya bushe. Ƙasar da za a ɗaura tubalin da ita kuma a haɗa ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta kwanaki tana ruɓa, ana juyawa. Magini na zaune a kan bango, yaransa na jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, yana cafewa yana jerawa, tsini sama. Gindin bango a yi shi da kauri ƙwarai, yana hawa yana sirancewa. Wannan kauri ne ke sa ɗaki ya yi sanyi da tsakar rana a bazara, ya kuma riƙe ɗumi da dare lokacin hunturu, don zafin rana kafin ya ratsa bangon ya kai ciki, gari ya riga ya yi sanyi.

Rufi shi ne inda ake gane gwani. Itacen rufi azara ce, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta iya ci. Sai dai azara gajera ce a wajen ɗaukar nauyi, in aka shimfiɗa ta a kan ɗaki mai faɗi aka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Dabarar da magina suka yi ita ce bakan gizo. Tun daga cikin bango ake dasa azara, a ɗaure wata a kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta tana karkatowa ciki, ana lulluɓe su da ƙasa, har na wannan bango su haɗu da na wancan a sama. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, sai rufin ya tashi kamar an kifa ƙwarya. Da irin wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Bayan an gama, sai a bi rufin da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da ruwan dafara, don kada ruwa ya shiga. Bango kuma a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A sa indararo ya riƙa watsa ruwan sama nesa da gindin gini. Duba ka gani, marini da majemi da mai saran giginya da mace mai tara ɓawon ɗorawa, kowa da hannunsa a cikin gida guda. Ba abin da aka sayo daga wata ƙasa.

Abin da ke damuna duk lokacin da na tuna wannan gida shi ne, sunan baƙon da ya zauna cikinsa 'yan shekaru ya tabbata a bakin kowa, amma in ana ba da labarin ba a kiran sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka hau bangon. Ba na ƙyashin Ɗan Hausa da sunansa. Sai dai wanda ya je ya ɗaga kai ya dubi rufin nan, ya sani aikin Kanawa yake kallo.

Makarantar ta soma ne da manya, wato malamai waɗanda sun riga sun yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, don su ma su je su koyar. Daga baya aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna, da na sauran yara, da kuma wurin koyon sana'a, inda ake sassaƙa da ƙira da dukanci da ɗinki. Ɗalibai suka zo daga lardunan Arewa dabam-dabam, har da masu yi musu hidima, aka yi musu gidaje a kewayen wurin. Cikin 'yan shekaru gefen gandu ya zama ƙaramin gari. Da Hausa ake koyarwa. Ba a koyar da addinin Kirista, malamai ne ke karantar da yara addininsu, kuma baitulmalin sarakuna na taimakawa da kuɗi. Ɗan Hausa ya san in aka ji ƙanshin mishan a wurin, ba mai kawo ɗansa.

Duk da haka mutane ba su saki jiki ba. Shekara shida kacal da aka yi yaƙi, wanda ya ci ka da bindiga yau ya ce ka kawo ɗanka ya koya masa karatu, ai dole ka yi tunani. Ana ba da labarin cewa wasu manya da aka matsa musu, 'ya'yan barorinsu suka tura a madadin nasu. Yara a gari suka riƙa yi wa 'yan makarantar waƙar zambo. Sunan da aka ba karatun ma ya isa shaida. Da yawa suna zaton kalmar boko daga sunan littafi a Turanci ta fito, amma masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce, mai nufin abin da ba na gaske ba, abin yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Mutane sun dubi sabon karatun, sun gwada shi da wanda suka sani, sun ce wannan na bogi ne.

Kuma gaskiya a faɗe ta, ba don Allah aka kafa makarantar ba. Gwamnati na bukatar waɗanda za su rubuta haraji da shari'a da awon gona da baƙaƙen da Bature zai iya karantawa, don akawunan da take da su daga Ikko da Saliyo da Gwalkwas aka ɗauko su, ba su jin Hausa sosai. Ƙasar nan kuwa tana da dubban makarantun allo, tana da malamai masu rubuta wasiƙa da waƙa da tarihi da Larabci da ajami. Da aka zaɓi boko aka bar ajami, sai aka wayi gari mutumin da ya sauke Alƙur'ani ya karanta littattafan fikihu ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan rauni ne da har yau bai warke ba. Amma kuma da hannun nan nawa da nake wannan rubutu ba zan yi butulci ba. A 1912 Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, kuma a kan wannan harsashi aka yi ta gyara, har aka zo shekarun 1930 aka karɓi baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ta wannan hanya aka sami Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, aka sami Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. In ka bi sawun kowannensu baya, sai ya kai ka wannan gida na Nassarawa.

Zaman Ɗan Hausa a gidan bai yi tsawo ba. Matarsa Isabelle ta zo ta zauna da shi, har ta rubuta littafi da Faransanci a kan rayuwarsu a nan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, ba a daɗe ba ya koma Turai ya shiga aikin soja, bai sake komowa kan aikinsa na Nassarawa ba. Daga baya ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a London a 1926. Ya rasu a 1945. Makarantar kuwa ta watsu, aka buɗe makarantu a larduna, malaman da aka horar a Nassarawa suka bazu cikinsu. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

Gidan ya tsaya inda yake. Duniyar da ke kewaye da shi ce ta yi ta tafiya.

Abu na farko shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Turawa sun yi zaton auduga za su kwasa, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka cika tasha da ita. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna a kusa da tasha, Kwara, wato 'yan kasuwar Labanan da Siriya, suka zo, aka yanka Sabon Gari a 1913 don baƙi 'yan kudu, daga baya dalar gyaɗa ta tashi, sunan Alhassan Ɗantata ya cika ƙasa. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa kuwa ba ya komowa wofi. Shi ya kawo siminti da kwano da gilashi. Daga nan ginin ƙasa ya fara zama abin da mai hali ke gudu.

Na biyu, Nassarawa ta zama unguwar Turawa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ce a bar fili na yadi 440, ba gini, tsakanin inda Turawa ke kwana da inda 'yan ƙasa suke, wai don kada sauro ya ɗauko cuta daga wannan ya kai wa wancan. Aka yanka filaye manya-manya, kowane gida da lambunsa da ɗakunan boyi a baya. Aka shata tituna aka jera musu darbejiya, itacen da aka kawo daga Indiya. Ɗorawa da gawo suka yi ta raguwa, don gawo abokin manomi ne, inda ba gona ba mai bukatarsa. Jikokin waɗanda suka noma gandun ba su da ikon kwana a wurin, sai in kuku ne ko mai gadi. A 1925 jiragen sama na farko suka sauka a Kano, mutanen da suka ga shigowar Morland da idonsu suka ga wannan ma.

Na uku, mulkin kai. Turawa suka tafi a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajensu. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Baƙo ya zama gwamna, Nassarawa ta zama mazaunin gwamnatin jiha, ga sakatariya, ga ma'aikatu, ga asibiti. Sannan kuɗin mai suka shigo. Manyan filayen nan na Turawa aka yi ta rarraba su, inda gida ɗaya yake da lambu aka gina huɗu ko biyar, aka kewaye kowanne da katanga. Filin da aka bari tsakanin birni da bariki ya cike. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, ta zaizaye a wurare da yawa, wasu wuraren an ɗebe ƙasarta an yi gini, wasu an gina a kanta. Yau gadar sama ce ke wucewa a Ƙofar Nassarawa, kuma wanda ke cikin a-daidaita-sahu ba zai iya nuna maka inda birni ya ƙare waje ya fara ba. A ƙidayar 2006 mutanen Jihar Kano sun haura miliyan 9. Gidan sarki na Nassarawa dai yana nan, can aka binne Sarki Ado Bayero a 2014 kusa da magabatansa. Shi da Gidan Ɗan Hausa su ne tsofaffin unguwar da suka san lokacin da ake jin kukan kura daga nan.

Wani abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka cika unguwar, ma'aikata da 'yan kwangila da likitoci da lauyoyi, 'ya'yan boko ne. Karatun da aka fara a gefen gona shi ya haifi mutanen da suka zo suka cinye gonar.

Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. An mai da shi wurin ajiye kayan tarihi, ana kawo 'yan makaranta da baƙi su zaga. Yaro ɗan birni wanda aka haifa a ɗakin siminti, in ya sa ƙafa ciki da tsakar rana, abin da ya fara ba shi mamaki sanyin wurin ne, sai ka ga yana waige-waige yana neman inda na'urar take.

Sai dai ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Siminti kana iya mantawa da shi shekara ashirin. Ƙasa kuwa kowace damina sai ta ɗauki rabonta, ta wanke makuba, ta buɗe tsaga a rufi, ta ci gindin bango inda ruwa ke kwanciya. A da, kowane mai gida ya san in kaka ta yi zai kira magini a yi yaɓe, kuma kayan aikin na nan kusa. Yanzu giginyar da za a tsaga azara sai an tafi nesa. Marinar da ke ba da katsi ta ragu, ta Ƙofar Mata ce ta fi shahara cikin waɗanda suka saura, rijiyoyinta da yawa ma babu shuni a ciki. Kududdufan da ake haƙar ƙasa an cike su an yi shaguna. Maginin da ya iya ɗaurin bakan gizo ya tsufa, ɗansa kuma bulo yake ɗorawa, don nan ne abinci yake. Ina roƙon duk wanda nauyin gidan nan ke wuyansa, in za a yi gyara a nemo tsofaffin maginan tun suna da ƙarfin hawa bango, a haɗa su da samari, kuma kada a yarda a shafa wa bangon siminti don neman sauƙi. Siminti a kan ƙasa yana kulle damshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa ta ciki ba a gani, sai ran da ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. In an gama aikin kuma, wannan karon a rubuta sunayen maginan a ajiye a cikin gidan.